Iskar radon a ɗakin kwana: yadda ƙauye zai auna gidajensa a lokacin sanyi guda

Da sanyi ya kama a Adar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowa ɗaki yake komawa. A toshe taga da tsumma ko kwali saboda ƙurar hunturu, a saki labule mai kauri, a ja ƙyaure, uwa da ƴaƴanta su kwana a rufe har hantsi. A wannan lokacin ne wata iska da ke tasowa daga ƙasa take samun wurin taruwa, daidai inda muke numfashi. Sunanta radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko ciwon kai a daren da aka shaƙe ta. Sai shekaru sun ja illarta take bayyana, kuma a huhu take bayyana, da ciwon daji.

Ba a gane ɗakin da ta taru a ciki da ido, ba a gane shi da tambayar maƙwabci. Aunawa ake yi. Aunawar kuwa ba ta fi ƙarfin ƙauye ba, ko da babu lantarki a garin, muddin mutane suka haɗa kai suka yi ta bisa ƙa'ida. Abin da wannan jagora ta ƙunsa ke nan.

Daga ina take zuwa

Kowace ƙasa da kowane dutse suna da uraniyom a cikinsu, wani wuri ɗan kaɗan, wani wuri da yawa. Uraniyom yana rikiɗewa a hankali, ya bi matakai har ya zama radiyom, radiyom kuma ya haifi radon. Duk waɗanda suka gabace ta daskararru ne, suna nan inda suke a cikin ƙasa. Radon ce iska, don haka ita ke bin ƴan kafofin ƙasa ta fito sarari. A kowane kwana 3.8 rabinta yakan rikiɗe ya zama wasu ƙananan ƙwayoyi, cikinsu har da poloniyom, waɗanda ke mannewa a ƙura da hayaƙi. Idan aka shaƙe su sai su zauna a hanyoyin iska na huhu suna harba wani tartsatsi da ake kira alfa, shi ne ke lalata ƙwayoyin naman wurin. Wani lokaci jiki ya gyara ɓarnar, wani lokaci ta zama mafarin ciwon daji.

Ana auna radon da wani awo da ake kira bekerel. A takardar sakamako za ku ga an rubuta Bq/m³, ma'ana yawan bekerel a cikin iskar da za ta cika wuri mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. A fili, inda iska ke kaɗawa, adadin kan tsaya tsakanin 5 zuwa 15, abin da bai kai a damu da shi ba. A ɗaki ne lissafi yake canzawa. Da dare cikin ɗari, iskar ɗaki ta fi ta waje ɗumi, sai ta yi sama ta sulale ta kafofin rufi, ɗakin kuma ya zuƙo wata daga ƙasa don cike gurbin. Ta tsagar daɓe take shigowa, ta ramin gara, ta ramin ɓera, ta inda bango ya haɗu da ƙasa.

Masu haƙar ma'adinai ne suka fara biyan kuɗin wannan ilimi da rayukansu. A Shinebag ta ƙasar Jamus, tun ƙarni na 16 ake ganin masu shiga rami suna mutuwa da wani ciwon ƙirji, sai a 1879 likitoci suka gane ciwon dajin huhu ne. A 1984, a jihar Fensilbaniya ta Amurka, wani injiniya da ke aiki a tashar nukiliya ya riƙa tayar da na'urar gano tartsatsin nukiliya tun yana shiga aiki da safe. Da aka bi diddigi, daga gidansa yake kwaso abin, kuma iskar gidan ta kai kusan bekerel 100,000. Daga nan aka daina ɗaukar radon a matsayin matsalar masu haƙa kaɗai. A 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan'adam. Hukumar ta ce, gwargwadon ƙasa da yawan masu shan taba a cikinta, radon ke jawo kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na ciwon dajin huhu, kuma kowane ƙarin bekerel 100 da mutum ya daɗe yana shaƙa yana ƙara haɗarin da kamar kashi 16 cikin 100.

Akwai wani lissafi da nake so kowane magidanci ya riƙe. A 2005 aka haɗa bincike 13 na ƙasashen Turai. Cikin mutum 1,000 da ba su taɓa shan taba ba, kamar 4 ne za su kamu da ciwon dajin huhu kafin shekara 75 idan babu radon sam, 5 idan gidan yana da bekerel 100, 7 idan yana da 400. Ga masu shan sigari kuwa, 100 ne, da 120, da 160. Radon da taba taimakon juna suke yi wajen ɓarna, kuma mai shan taba ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka.

Me ya shafe mu a jihar Tawa

Da an ambaci uraniyom hankalin ɗan Nijar Arlit yake tafiya. Arlit tana nesa da Tawa da fiye da kilomita 600 a hanyar mota, kuma radon ɗin da ta tashi can tana bajewa a sararin sama tun kafin ta yi nisa. Abin da ya shafi ɗakinka shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmarka da ƙasar da aka gina bangonka da ita. Jihar Tawa tana da dutsen fosfat, wanda ake yin taki da shi, kuma an san irin wannan dutse ya fi sauran duwatsu riƙe uraniyom. Yawancin ɗakunanmu na ƙauye na ƙasa ne, da yawa ba su da siminti a ƙasa. Waɗannan dalilai ne na aunawa, ba hujja ba ce cewa gidajenmu sun gurɓata. Ɗakuna biyu a gida ɗaya ma suna iya bambanta ƙwarai.

Muna kuma da abin da ke kare mu. Da bazara a tsakar gida muke kwana, yini a zaure ko ƙarƙashin bishiya muke yin sa, ƙofofinmu ba sa kama bango ƙam. Ɗakin da iska ke ratsawa ba ya tara radon sosai. Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda ɗaki ke riƙewa: tsohuwar da ƙafa ta hana fita, mai jego da jaririnta, amarya, mara lafiya. Sai kuma sababbin gine-ginen da ƴan ci-rani ke yi da kuɗin Abijan ko na Libiya, masu tagar gilashi da ƙofar ƙarfe mai kama bango, wani lokaci har da na'urar sanyaya ɗaki. Irin wannan ɗaki, idan simintin ƙasansa ya tsage, ya fi bukka tara radon nesa ba kusa ba.

Mataki na farko: a nemi yardar gari

Kada wanda ya fara jin wannan batu ya sayo ma'auni ya shiga gidajen mutane yana ratayawa. Abu baƙi da aka rataye a ɗakin matar aure ba tare da bayani ba, kafin azahar ya zama laya ko na'urar leƙen asiri a bakin jama'a. A fara da maigari da liman da shugaban cibiyar lafiya ta CSI mafi kusa, sannan shugabar ƙungiyar mata, domin ɗakunan da za a auna nasu ne. Magana gajera ta isa: "Ranka ya daɗe, akwai iskar da ke fitowa daga ƙasa wadda kan cuci huhu idan ta taru a ɗaki. Muna so mu auna ɗakunan garin nan wata uku mu ga ko tana da yawa. Abin aunawar ba ya ɗaukar hoto, ba ya ɗaukar murya, ba ya fitar da komai. Idan an samu, akwai gyara."

A kula da kalmar iska a nan. Mutanenmu na iya jin ta da wata ma'ana, su ɗauka ana zancen iskoki ne. A buɗe ma'auni ɗaya a gaban jama'a, kowa ya taɓa, a nuna musu ɗan falle ɗin da ke ciki.

A naɗa mutum uku ko huɗu su riƙe aikin, aƙalla biyu mata, ɗaya kuma mai kyan rubutu, malamin makaranta ko ɗalibi. A yi alkawari tun farko, a gaban maigari, cewa sakamakon kowane gida sirrin mai gidan ne. Wannan alkawari yana da nauyi, domin gidan da aka yayata cewa yana da cuta zai iya rasa masu neman aure a cikinsa.

Mataki na biyu: wane ma'auni

Iri uku aka fi samu. Akwai na gawayi, wanda ake ajiyewa kwana 2 zuwa 7. Wannan ku bar shi, domin dole ya isa ɗakin bincike cikin ƴan kwanaki kafin radon ɗin da ya zuƙa ta ƙare, kuma daga ƙauyen Kaita ko Buza wannan ba mai yiwuwa ba ne.

Akwai na batir, mai nuna lamba a fuska, irin wanda kamfanin Airthings ke yi. Yana da amfani idan gari ya mallaki guda ɗaya, ana zagayawa da shi ɗaki ɗaki, mako guda aƙalla a kowane ɗaki. Amma radon tana hawa tana sauka tsakanin dare da rana da kuma tsakanin mako da mako, don haka lambar mako ɗaya manuniya ce kawai, ba a rushe daɓe a kanta.

Wanda ya dace da mu shi ne na uku: ɗan ƙoƙon roba, bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba, da wani falle mai suna CR-39 a ciki. Ba ya son batir, ba ya son wuta. Radon tana shiga ta ƴar kafa, tartsatsin alfa yana barin tabo a jikin fallen, a ɗakin bincike a ƙirga tabon a fitar da matsakaicin adadi na duk tsawon lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son awon da ya kai wata uku ko fiye, kuma wannan ma'auni don haka aka yi shi. Ɗakunan bincike a Suwidin da Faransa da Ingila suna sayar da shi, yawanci kuɗin karantawa yana cikin kuɗin saye, amma ku tabbatar kafin ku biya. Kafin oda, kwamiti ya rubuta wa hukumar kula da lafiyar nukiliya ta ƙasa, ARSN, da cibiyar binciken nukiliya, IRI, ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, a sanar da su aikin, a nemi shawararsu kan ɗakin binciken da za a amince da shi. Idan akwai ɗan garin da ke karatu a jami'ar Tawa, a jawo shi ciki. Kuɗi kuwa, asusun mata da ƙungiyar ƴan garin da ke waje sun saba ɗaukar abin da ya fi wannan.

Ga wani abu da ya shafi masu ɗakin ƙasa musamman. Radon tana da ƴar'uwa mai suna toron, wadda ke fitowa daga bangon ƙasa. Rabinta yana ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 55, saboda haka ba ta yin nisa da bango, amma idan ma'auni ya jingina da bangon tana iya shiga ta kumbura lambar. A Kamaru masu bincike sun auna gidaje a yankunan Poli da Lolodorf, inda ƙasa ke da uraniyom, kuma aikin ya nuna toron ba abar rainawa ba ce a gidajen ƙasa. Akwai ma'auni tagwaye da ke raba radon da toron. Idan kuɗi ya kai, a sayi kaɗan daga irinsa don ɗakunan da ba a yi wa yaɓen siminti ba.

Mataki na uku: lokaci da gidaje

A rataye a farkon Nuwamba, a sauke a farkon Fabrairu. Lokacin ne ɗaki ya fi zama a rufe kuma mutane suka fi kwana ciki. Awon bazara yaudara ne, tunda ƙofa a buɗe take kuma babu kowa a ɗakin. Ke nan oda tun damina ake yin ta, don kayan su iso kafin ƙarshen Oktoba. Idan sun iso, a bar su cikin ledarsu a rufe, a wuri mai sanyi, kada a bar su a mota ko ƙarƙashin kwano cikin rana, domin zafi yana lalata fallen.

Idan ba za a iya auna kowane gida a shekarar farko ba, a zaɓa da hankali, ba da sanayya ba. A ɗauki na kan tudu da na kwari, na kan dutse da na kan yashi, ɗakin ƙasa mai rufin soro, mai rufin kwano, na bulo da siminti, da bukka ɗaya ko biyu don kwatanci. A sa ajin makaranta da ɗakin haihuwa. A kowane gida, ɗakin da aka fi kwana a ciki ake aunawa, ba ɗakin baƙi da ke rufe shekara ba.

A ware ƴan ma'aunai don binciken aikin kansa. A cikin kowane ɗaki goma, ɗaya a rataya masa biyu gefe da gefe. Idan lambobinsu suka zo kusa, aikin yana da kyau. A cikin kowane ashirin kuma a bar ɗaya a rufe cikin ledarsa, ya yi tafiyar tare da sauran, don a gane ko wani abu ya same su a hanya.

Mataki na huɗu: ratayawa

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka a natsu. Ba a yage leda sai an shiga ɗakin. A ɗaura wa ma'aunin zare a rataye shi daga azara, ya sauko daidai tsakanin mita ɗaya zuwa biyu daga ƙasa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Ya yi nesa da bango da kamar rabin mita, saboda toron. Kada ya zama a bakin ƙofa ko taga, kada rana ta riƙa dukansa, kada ya manne da kwanon rufi, kada ya zama saman inda ake ajiye kaskon wuta ko turaren wuta. Ba a sa shi cikin akwati, ko bayan jeren kwanonin uwar ɗaki, ko cikin gidan sauro. Ba a auna madafa da makewayi.

Mai rubutu ya buɗe littafi, kowane ma'auni da layinsa: lambar da ke jikinsa, lambar da aka ba gidan maimakon sunan mai shi, ranar ratayawa, irin bango, irin daɓe, irin rufi, yawan tagogi da ko ana toshe su, mutum nawa ke kwana, da ko akwai mai shan taba a ɗakin. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, don littafi yana iya ɓata. Ranar ratayawa da ranar saukewa su ne ginshiƙin lissafin. Ma'aunin da aka manta ranarsa ya zama asara.

Sai a yi wa mai ɗakin bayani da bakin mace ƴar'uwarta: "Inna, ki yi zamanki yadda kika saba. In kina rufe taga ki rufe, in kina buɗewa ki buɗe. Kada dai a taɓa shi, kada a wanke shi, kada a kai shi wani ɗaki." Wasu za su so su riƙa buɗe ƙofa don ɗakinsu ya fito da kyau. A nuna musu ba jarrabawa ba ce, kuma wanda ya yi haka kansa ya rufe wa gaskiya. Sau ɗaya a wata ƴan kwamiti su leƙa. Idan ya faɗi a mayar, a rubuta. Idan iyalin sun yi tafiya ɗakin ya zauna a kulle, shi ma a rubuta.

Mataki na biyar: saukewa da aikawa

A sauke duka cikin kwana ɗaya ko biyu, a rubuta rana, a sa kowanne cikin ledar da ɗakin binciken ya bayar ko wata mai kauri, a like bakinta sosai. Ma'aunin da aka bari a buɗe yana ci gaba da ƙirga iskar duk inda ya kwana. A ba amintacce ya kai Yamai, a aika ta hanya mafi sauri tare da kwafin ranaku. Kada a ajiye su ana jiran wani ya tashi tafiya bayan salla.

Mataki na shida: karanta sakamako

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin shekara ya wuce bekerel 100, inda hakan bai samu ba kuma kada a bar shi ya haura 300. Ƙasashen Tarayyar Turai 300 suka ɗauka a matsayin iyaka. Amurka tana amfani da wani ma'auni, pCi/L, kuma tana cewa a yi gyara daga 4. Idan takardarku ta zo da shi, ku ninka da 37, wato 4 ɗin ya zama 148.

Ɗakin da ya fito ƙasa da 100 a awon lokacin sanyi, a bar shi, sai dai a ci gaba da ba shi iska. Wanda ya faɗa tsakanin 100 da 300, a yi masa gyara mai sauƙi, a sake aunawa. Ku tuna lambar lokacin sanyi ta fi kusa da mafi muni a shekara, don haka ɗakin da ya ba da 130 a Disamba yana iya kasancewa ƙasa da 100 idan aka haɗa duk watanni. Mai son tabbaci ya sake aunawa da damina, lokacin da ruwa ke toshe fuskar ƙasa a waje, iskar ƙasa ta nemi mafita ta busasshen wurin da ke ƙarƙashin ɗaki. Wanda ya haura 300 yana son aikin magini a wannan shekarar. Idan aka ga 1,000 ko fiye, shawarata a mayar da kwana wani ɗaki tun yau, a sanar da ARSN, sannan a yi gyara.

A kai wa kowane mai gida sakamakonsa shi da iyalinsa. Ga taron gari kuwa, jimla kawai: ɗaki kaza aka auna, kaza suka haura. Kuma a faɗa wa wanda lambarsa ta yi sama gaskiya: babbar lamba ba ta nufin ya kamu, kuma babu gwajin jini ko maganin sha da ke cire radon daga jiki. Abin da ke hannunsa shi ne rage shaƙar gaba. Wanda ke tari fiye da mako biyu, ko yana ramewa, ko yana ganin jini a majina, ya je CSI a duba shi ba tare da jiran wani awo ba, domin tarin fuka ya fi kusa da zato kuma yana da magani.

Mataki na bakwai: gyara

Iska ce ta farko. Buɗe ƙofa da safe yana da kyau, amma da an rufe, cikin rabin yini radon ta koma yadda take. Abin da ake bukata kafa ce da ba a rufewa da dare: biyu, a bango biyu masu fuskantar juna, a sa musu wayar sauro. Na san sanyi da ƙura ne ke sa a toshe, kuma uwa mai jariri ba za ta yarda iska ta bugi ɗanta ba. A yi kafofin nesa da gado, wadda ke fuskantar gabas a yi ta ƙarama a sa mata yadi mai shara-shara, a ƙara bargo. Wannan kafa tana da wani amfanin da ya fi gaggawa: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da gubar da ke kashe mutum a dare ɗaya. Fankar sama juya iskar ɗaki kawai take yi, ba ta canza ta. Fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje kuma tana iya ƙara jawo ta ƙasa. In za a sa fanka, a sa mai turo iskar waje ciki.

Na biyu, toshe hanya. A cike ramukan gara da na ɓera, a like tsagar siminti, musamman layin da daɓe ya haɗu da bango. Yaɓen siminti da fenti a bangon ciki yana rage abin da bango ke fitarwa. Toshiya ita kaɗai ba ta cika wadatarwa ba, saboda tsaga tana dawowa, don haka a haɗa ta da iska.

Ɗakin da ya haura 300 sabon daɓe yake so, kuma ga yadda za a gaya wa magini. A haƙe ƙasan, a zuba tsakuwa wankakkiya kaurin santimita 10. A kwantar da bututun roba mai faɗin santimita 10 da aka huhhuda a cikin tsakuwar, a haɗa shi da wani a tsaye, marar huda, wanda zai fita ya wuce saman rufi, nesa da taga. A shimfiɗa leda mai kauri a kan tsakuwar, gefunanta su hau juna su ɗan hau bango, sannan a zuba siminti. A like kewayen bututun da kyau a ƙasa da kuma inda ya huda rufi, musamman rufin soro, don kada ya zama hanyar yoyo. A sa masa hula da waya a baki. Iskar ƙasa za ta bi bututun maimakon ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan tsari marar fanka yana iya rage radon da fiye da rabi. Idan bai isa ba, a ɗaura ƙaramar fanka a bututun, a waje da ɗaki, mai aiki da hasken rana da batir don ta yi ta juyawa har da dare. Mai sabon gini ya sa tsakuwar da ledar da bututun tun farko, domin a lokacin kuɗinsu kaɗan ne.

Kayan gini ma a lura da su. Kada a yi cikon ɗaki da tarkacen ramin ma'adinai ko na fosfat. Ƙarafa da bututu da yadudduka na hannu da suka fito daga wuraren haƙar uraniyom kada su shiga gida. Tun 2003 ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa, da taimakon ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit, ya gano gurɓatattun ƙarafa a hannun jama'a a garin, kuma haɗarinsu ya wuce na radon kaɗai.

Ruwan rijiya mai zurfi da na fanfon burtsatse yana iya ɗauke da radon, amma haɗarin sha bai kai na shaƙa ba, kuma ruwan da aka ɗebo a fili aka juye a randa yana sakin mafi yawanta. Waɗanda ya kamata a yi wa magana su ne masu ginar rijiya da samarin da ke tafiya haƙar zinariya, domin rami marar iska ya fi kowane ɗaki tara ta.

Sai taba. Magidancin da ya kashe kuɗi a kan daɓe da bututu alhali yana kunna sigari ko shisha a ɗakin, ƙaramin rabin aikin ya yi. Lambobin 2005 da ke sama a karanta masa su a gaban matarsa.

Duk ɗakin da aka gyara a sake rataya masa ma'auni a ɗarin da ke biye, a wuri ɗaya, tsawon wata uku, don da haka ne kaɗai za a san gyaran ya ci. Littafin ya zauna a CSI, kwafi ɗaya a ofishin magajin gari, a aika wa ARSN jimlar ba tare da sunaye ba. Ɗakin da daga baya aka sa wa tagar gilashi, ko aka canza masa ƙofa, ko daɓensa ya tsage, a mayar da shi layin waɗanda za a auna a Nuwamba mai zuwa.